Sunan Kawu a Kan Dutse

Idan ana lissafin mutanen da ilimi ya ci moriyarsu, a fara da Kawu Harsashi, sannan a zauna a huta kafin a nemo na biyu. Shi da bakinsa ya faɗi haka, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Mutum ne mai tawali'u ƙwarai, har yakan ambaci tawali'un nasa sau uku a zama ɗaya don kada a manta. Bai taɓa koyar da aji ba, bai taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba, amma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar zai tashi da sanin cewa sabuwar kwalejin da ke bayan gari da hannunsa aka gina ta. "Ranar da muka aza harsashi," da haka kowace magana tasa ke farawa, ko da ƙarfe nawa aka tambaye shi. Daga nan yaran dangi suka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa muƙami ne.

Ga yadda aka yi. Shekara tara da suka wuce, Kawu ne mataimakin sakataren kwamitin jera kujeru a bikin aza harsashin kwalejin. Aka aike shi wurin mai sassaƙa dutse da takarda ɗauke da sunayen manya huɗu. A hanya ya duba takardar, ya ga an yi babban kuskure, ya zaro biro ya gyara. Ranar biki da aka yaye ƙyalle sai ga sunaye biyar, na biyar ɗin can ƙasa, da haruffan da suka ninka na sama girma da zurfi. Manya suka kalli juna, suka tafa saboda masu ɗaukar hoto. Tun daga ranar ba a sake gayyatar Kawu ko taron sharar fili ba. Shi ya fassara wannan da cewa nauyinsa ake ji. Bai kuma sake taka wurin ba, domin a faɗarsa mutum irinsa sai an aiko da mota. Kwalejin ta buɗe bara. Motar dai ba ta iso ba tukuna.

Ana cikin haka Auta, 'yar ƙanwarsa, ta gama sakandare, ta yi dogon hutu tana wanke-wanke da leƙen waya, har takardar ɗaukarta a wannan kwaleji ta fito. A ƙasan takardar an rubuta cewa ranar Alhamis ta makon ƙarshe na hutu za a raba gadajen ɗakin kwanan ɗalibai, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, wanda ya riga zuwa shi ke samu, kuma gadajen ba su da yawa.

"In ba ki samu ba, babu damuwa," in ji Umma, mahaifiyarta. "Yaya, kawunki, ya ce ɗaki na nan a gidansa. Ki zauna can har ki gama."

Auta ta ƙara damƙe takardar. Ta san gidan. Ta san ɗakin da ake nufi, bango ɗaya ne tsakaninsa da falon da Kawu ke jawabi kullum bayan cin abinci. 'Ya'yansa uku kowannensu ya zaɓi makaranta mafi nisa da ya samu, kuma hutu ba ya dawo da su. Matarsa ta ƙware a cewa "ƙwarai kuwa" tana gyangyaɗi. Shekara uku a wannan gida! Auta ta goge takalminta tun ranar Laraba, ta jera takardunta a fayil, ta ƙudurta hawa motar farko ta ƙarfe bakwai.

Sai labari ya kai kunnen Kawu.

"Jinina ya hau motar haya zuwa kwalejina?" ya ce ta waya, har Umma ta janye wayar daga kunne. "Ana so a ce na mutu ne? Ni zan kai ta. Gado kuma, wane gado? Kalma ɗaya zan yi a buɗe mata ɗaki guda ita kaɗai, da labule."

Ya ce ƙarfe takwas. Ya iso tara da rabi, sanye da kwat ɗin da ya sa ranar bikin, wadda maɓallanta suka daɗe da yanke zumunci da ramukansu. Ya tuƙa motar a hankali, domin labarin harsashi ba ya son gaggawa, kuma hannu ɗaya na kan sitiyari, ɗayan yana auna siminti a iska. Auta tana gaba, fayil a ƙirji, idonta a kan agogon mota.

A bakin ƙofar kwaleji mai gadi ya nemi ganin takarda. Kawu ya sauke gilashi, ya ɗaga haɓa don a ga fuskar da kyau.

"Malam, ka san da wa kake magana?"

Mai gadi ya duba shi tsaf, don bawan Allah ne mai son gaskiya. "A'a, ranka ya daɗe. A ajiye motar can ƙarƙashin bishiya."

"Sabon ɗauka ne," Kawu ya gaya wa Auta. "Zan yi magana a kansa."

Duk da fargabar da ke cinta, da Auta ta sauko sai da zuciyarta ta yi fari. Hutu ne, wurin shiru. Dogayen barandu suna warin sabon fenti. Ta tagar wani aji ta hango kujeru kife a kan tebura, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Ga ɗakin gwaje-gwaje da famfuna a jere a kan kowane tebur, ga ɗakin karatu mai tagogi tun daga ƙasa har rufi. An daddasa ƙananan bishiyoyi an ɗaure kowace da sanda don kada iska ta karya ta. Nan take ta ji tana son wurin nan, so na gaske, irin wanda ke sa mutum tsoron kada a ƙwace masa. Can gefe kuma ta ga 'yan mata riƙe da fayil irin nata, suna sauri, duk sun nufi hanya ɗaya.

"Kawu, ga su can. Can za mu bi."

"Masu gudun nan ba su da kowa ne. Ke kina da ni. Zo in nuna miki abin da hannun kawunki ya yi."

Aka fara zagaye. Kawu ya tsaya gaban wani gini marar taga, ya nuna shi da mabuɗin mota. "Babban ɗakin taro ke nan. Ni na ce a juya ƙofar ta kalli nan, injiniyoyi suka yi ta gardama, daga baya suka zo har gida suna ba ni haƙuri." A jikin ƙofar an rubuta da jan fenti cewa ɗakin injin wuta ne, kada a shiga. Auta ta karanta, ta dubi agogon wayarta. Ya nuna mata filin ajiye motoci ya ce nan ya tsaya ya yi wa manya bayani. Ya ƙwanƙwasa wani ginshiƙi da yatsa, ya kasa kunne, ya ce an rage siminti bayan tafiyarsa. Sau biyu suka wuce tankin ruwa guda, ya ce tankuna biyu ne, shi ya ba da shawarar a yi su iri ɗaya.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata suka shiga ginin ofisoshi, domin Kawu ya ce kafin a je ko'ina sai Auta ta ga dutsen da idonta, ta san ko ita jinin wa ce. A bangon zauren kuwa ga wani allo na tagulla yana ƙyalli. Kawu ya gyara kwat, ya sa tabarau, ya karanta. Sunaye huɗu. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, ko na biyar ɗin ya ɓuya. Har ƙasan allon ya leƙa.

"Wannan na baƙi ne," ya ce. "Na ainihin sun kai shi wuri na musamman."

"Kawu, don Allah, saura minti arba'in."

"Ke dai yarinya ce. Lokaci ai mu yake jira."

A baranda suka tarar da mai gyaran lantarki a kan tsani. Kawu ba ya tambayar hanya, tambaya ta marasa sani ce. Abin da ya yi shi ne ya tsaya a gindin tsanin, ya yi gyaran murya, ya faɗi cikakken sunansa da na mahaifinsa, sannan ya ce, "Ko ka taɓa jin wannan suna a nan?"

"Af!" in ji mai lantarki. "Wa bai san wurin ba? Ka miƙe nan, ka wuce ɗakin kwanan mata, ka yi hagu. Ko makaho zai kai ka. Ka matsu ne, Baba?"

"Na matsu mana! Shekara tara ina jiran wannan rana."

Mai lantarki ya dube shi da tausayi. "To yi sauri."

Kawu ya juyo, idanunsa sun ciko da ƙwalla. "Kin ji ko? Wuri! Gini guda suka sa wa sunana, kuma saboda kunya suka kasa gaya mini." Ya ƙara tambayar wasu ɗalibai biyu a hanya, don daɗin jin amsar kawai. Dukansu suka nuna hanya ba tare da tunani ba, ɗaya ma ta ce daga can take. Kawu ya sa mata albarka. Tafiyarsa ta canza, ƙirji a gaba, kwat na kaɗawa a baya, Auta na biye tana ƙirga mintoci.

Suka wuce ɗakin kwanan mata, suka yi hagu. Hancin Auta ya riga idonta fahimta.

Wani dogon gini ne mai ƙofofi takwas a jere, da butoci a bakin famfo. A gabansa kwata ta ratsa, kuma a kan kwatar, daidai inda kowa zai sa ƙafa ya tsallaka, an shimfiɗa rabin farin dutse. Saman ya karye ya tafi da sunaye huɗu. Na biyar ɗin yana nan daram, manyan haruffa, laka ta cike su har sun fi fitowa.

Wata dattijuwa mai shara tana wanke bakin ƙofofin. Ta ga mutum da kwat ya ƙame yana kallon ƙasa, ta ɗauka mai duba aiki ne.

"Ranka ya daɗe, kada a taɓa mana dutsen nan," ta ce. "Da aka sake wurin gini aka jefar da shi cikin ɓaraguzai, magina suka tsinto mana. Duk makarantar nan babu murfin kwata irinsa. Rubutun ya yi zurfi, ko an yi ruwa ba ya santsi. Ko wane ne mai sunan, Allah ya saka masa. Yara ma ba sa cewa za su bayi, sunansa kawai suke kira."

Wani zai ce a nan Kawu ya yi shiru. Wanda ya faɗi haka bai san Kawu ba. Shirun nasa bai wuce na haɗiyar yawu ba. Ya tsallaka, ya juyo, ya tsaya ƙiƙam a kan bakin kwatar, ya buɗe hannuwa ya tare hanya.

"Babu wanda zai sake taka wannan suna! A kira mini shugaban kwaleji! A kira injiniya! Ku kun san ranar da muka aza harsashi? Kun san rana irin wadda muka sha?"

Wani magini da ya taho da sauri riƙe da buta ya tsaya. Bayansa mai gadi na biyu, bayansa uwar wata ɗaliba. Layi ya fara haɗuwa, kowa na canza ƙafa, Kawu kuwa ya ga taro, abin da ya shekara tara bai samu ba, sai ya koma farkon labarin don waɗanda suka makara.

Auta ta dubi wayarta. Saura minti bakwai. Ta cire takalman da ta goge tun Laraba, ta riƙe a hannu, ta zura da gudu.

Ofishin rabon gadaje yana ƙasan ɗakin kwanan mata. Ma'aikaciyar har ta rufe babban littafinta tana neman mabuɗi a jaka. Auta ta faɗo ciki tana haki, ta miƙa fayil da hannu biyu.

"'Yata, kin makara. An gama."

"Don Allah, Anti, ko a ƙasa ne zan kwanta."

Matar ta dube ta, ta dubi ƙafafunta da ƙura ta rufe, ta sake buɗe littafin. "Akwai guda ɗaya, amma mutum shida sun gani sun ƙi. Ɗakin ƙarshe ne, gadon sama, tagarsa na kallon..." Ta faɗi cikakken sunan Kawu, har da na mahaifinsa, tana yamutsa hanci. "In zafi ya yi, sai kin toshe hanci za ki iya karatu. Ba ki da dangi a gari da za ki zauna wurinsu?"

"Ina da su. Anti, shi wurin, yana magana?"

"Wa?"

"Bayin."

"Bayi ya yi magana? Ke lafiyarki?"

"To a ba ni biro."

Tana cikin sa hannu sai iska ta kwaso murya ta taga, tana bayanin yadda aka kwaɓa simintin farko, da wanda ya riƙe kwanon. Ƙarƙashin muryar ana jin mutane na roƙo a ba su hanya.

"Kin ji," in ji ma'aikaciyar, "ga wari, yau kuma har da hayaniya. Kin tabbata?"

Auta ta karɓi mabuɗin, ta damƙe shi a tafin hannu.

"Warin zan iya da shi, Anti. Hayaniyar kuwa ta yau ce kawai. Da yamma zai koma gidansa."