Tiransistar Famfonmu Ta Tafi Jawabi

Jiya da hantsi, ni Haggai, da furfurata da ciwon gwiwata, na durƙusa a gefen rumfar manya ina yi wa akwatin ƙarfe fifita. Waɗanda suka gan ni suka yi dariya na yafe musu, amma bari in faɗi yadda aka yi kafin 'yan unguwar Rikoto su ƙara wa labarin gishiri.

Muna da rijiyar burtsatse mai sola a unguwarmu. Wani babban mutum ne ya kawo mana ita, wanda nake kira Mai Girma Sarkin Almakashi, don ban taɓa ganinsa ba sai yana yanka kintinkiri. Rijiyar ta yi aiki har ƙarshen damina, sannan aka yi wata tsawa, inbatar, wato na'urar da ke kai wa famfon wuta, ta yi ƙauri ta yi shiru. Tun daga nan matanmu suka koma rafi da jarkoki. Maƙwabciyata Saloma, wadda 'ya'yanta duk suna bariki suka bar mata jikoki, har tafiyarta ta karkace.

Muka kai inbatar wajen Obiora, mai gyaran kayan lantarki a bakin kasuwa. Ya buɗe, ya nuna mini wata 'yar baƙar aba mai ƙafa uku, kamar ƙwaron da aka taka.

"Baba, wannan tiransista ce ta mutu. Amma duba bayanta."

Na duba, ba komai.

"Lamba ake rubutawa a nan, da ita ake sayen sabuwa. Ɗan kwangila ya kankare, don in ta lalace sai an kira shi."

Muka kira shi. Wata mata ce ta amsa daga cikin wayar, cikin ladabi, ta ce lambar ba ta aiki. Ka ga hangen nesa: ya goge lambar tiransista, ya goge tasa.

Obiora ya ce sai dai a nemi madadi. Ba dole sai mai suna ɗaya ba, amma ta iya ɗaukar nauyin wutar, ta jure zafi, ƙafafunta kuma su jeru yadda na mamaciyar suka jeru. Nan take na gane. Lokacin da muke golmo, wato noman neman aure a gonar surukai, in saurayi ya kwanta ciwo ɗan'uwansa ke riƙe masa fartanya. Gona ba ta tambayar suna.

To ni ina da ɗaki guda da jikokina ke kira maƙabarta. Matattun rediyoyi ne a ciki, da rikoda, da talabijin masu ƙusumbi, wasu tun waɗanda 'yan'uwanmu sojoji suka dawo da su. Karatuna bai yi nisa ba, amma na daɗe ina zargin cewa kowace tiransista tana tuna muryoyin da suka bi ta cikinta. Obiora ya ce wannan ba ya cikin ilimin lantarki. Na ce ilimin ne bai kai wurin ba tukuna.

Muka yi ta fasa akwatuna yana aunawa da mitarsa. Wata ta yi ƙarama, wata ƙafafunta a juye, wata ta riga ta bi magabatanta. Can a ƙasa muka zaro akwatin lasifika na mawaƙan wani coci a Dabai, wanda na karɓa da musayar zakara. Obiora ya cire tiransistarsa ya auna, ya sake aunawa.

"Ba ita ba ce, Baba, amma 'yar ɗakinsu ce. Za ta ja famfo. Sai dai tana da saurin zafi, ba ta son a matsa mata."

Saloma da ke tsaye a ƙofa ta sauke jarka ta ce gobe za ta yi wanki har da labule.

Obiora na ɗora dalma a wuta ke nan sai ga Aaron, shugaban kwamitin tarbar baƙi, rungume da akwatin lasifikar taro. Ya ce Mai Girma zai zo gobe ya yi jawabi a kan matsalar ruwa, akwatin kuma ya ƙi magana. Obiora ya buɗe, na ga fuskarsa ta sauya. Irin tiransistar nan akwatin ke nema.

"Aro ne, Baba," in ji Aaron. "Ana gama taro zan dawo da ita."

Saloma ta ce, "Aaron, da jawabi zan tuƙa tuwo?"

"Mama, in ba a ji muryarsa ba, ta yaya zai yi alkawarin gyara famfon?"

"Ai ga shi ana gyarawa a gabanka."

"Kada ku kuskura. In ya zo ya tarar ruwa na zuba, a kan me zai yi magana? So kuke ku kunyata baƙo?"

Na yi ta juya wannan hikima a kaina, ban sami inda zan kama ta ba. Obiora kuwa shagonsa a bakin titi yake, bakin titi kuma yana hannun masu kwamiti. Ya liƙa tiransistar a akwatin, ya ce mini in ina son ta kai labari, in zauna kusa da ita da mafici.

Abin da ya durƙusar da ni ke nan. Mai Girma ya karɓi makirufo ya fara gaida manyan baƙi, da matansu, da waɗanda suka so zuwa ba su samu dama ba. Akwatin ya ɗau ɗumi. Ya shiga tarihin ruwa tun daga zamanin Nuhu. Na sauya hannu. Ya lissafa abubuwan da ya yi mana, har da wasu da ban san muna da su ba. Akwatin ya fara warin gashin masara. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "Game da famfon unguwar nan, ina tabbatar muku cewa ranar..."

Sai ƙas, hayaƙi ya tashi.

Bakinsa bai tsaya ba. Na sahun gaba suka yi ta tafi, duk da ba su ji komai ba, wanda ya nuna sun daɗe a cikin aikin. Obiora ya ce zafi ne ya kashe ta. Ni dai na san baiwar Allah ce da ta yi rayuwarta tana ɗaukar waƙoƙin yabo, ba ta taɓa ɗaukar alkawari ba.

Dole in yaba wa Aaron, mutum ne mai amana. Da yamma ya dawo mini da ita a ƙunshe cikin leda, ƙafa biyu suka rage mata. Ya kuma sanar da ni, a matsayin ɗa da uba, cewa an kafa kwamitin binciken wanda ya yi wa jawabin zagon ƙasa, kuma shaidu sun ga wani tsoho a durƙushe kusa da akwatin.

Da safiyar yau na haɗu da Saloma a hanyar rafi. Ta ce, "Baba Haggai, kai ne a kusa. Wace rana ya ce?"

Na karɓar mata jarka ɗaya, muka ci gaba da tafiya.

Saboda haka duk mai tsohon akwatin lasifika, daga nan har Kanya, ya kawo mini ta ƙofar baya, kada Aaron ya ji. Da na so wanda ya daɗe yana yawon taron manya, don tiransistarsa babu abin da zai ƙona ta. Tsorona ɗaya ne: mu sa ta a famfo, mu murɗa, ya fara gaida manyan baƙi.