Rasuwar Malam Kunne, Oba-oban Gidan Inna Laraba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta koma mazauninta ba, iyalan Inna Laraba na gefen Dinawa suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Malam Kunne, oba-oban gidansu, wato rediyon hannu na aika saƙo, wanda ya cika ranar Talata da la'asar a cikin gonar dawa, a hannun mai jinyarsa, Mas'uda.

Yayanta Yusha'u, direban motar asibiti, shi ya kawo marigayin daga Sakkwato, kwance, maɓallin maganarsa a mace. Yana ji, ba ya iya mayar da amsa. Inna ta ce an dace, an haɗa Mas'uda da irinta, domin ita ma ta je jami'a ta dawo ba ta koyo surutu ba.

Lokacin da aka katse layukan waya a ƙasar nan, marigayin ne ya zama kunnen unguwa. Bai taɓa tausasa labari ba. Yakan fara da shiiii, ya yi kaki, sannan ya faɗi abin da ya ji: an buɗe wa motar 'yan kasuwa wuta a hanyar Rabah, an kore shanu a Giyawa an bar makiyayin da sara a wuya, a kawo mota, a zo da tabarmi. Mas'uda kan zauna da shi a cinya, ta tace abin da tsohuwa za ta iya ɗauka. Murya guda take jira. In Yusha'u ya sauke masu rauni, yakan rufe da cewa, "Mun iso lahiya. A ce ma Inna a aje mani tuwo, oba." Sai wani ya amsa daga ofis, "Kai Yusha'u, layin aiki na, ba na cikinka ba."

Ciwon ajalinsa ya samo asali tun damina, da ruwan kogin Rima ya shigo gida ya ci abin rage muryarsa. Daga nan bai ƙara iya raɗa ba, sai an danne shi da matashin kai.

Ranar Talata babura suka shigo ta gabas. Mata suka faɗa cikin dawa, Mas'uda da Inna da Bara'atu matar Yusha'u da goyonta. Mas'uda na rungume da marigayin, amma matashin kan ya faɗi a hanya. Suna kwance rub-da-ciki, suna jin harbi da ihun wani mutum da bai daɗe yana ihun ba, suna hango ƙafafun 'yan bindiga tsakanin kara, sai marigayin, wanda ya yini shiru, ya buɗe baki iya ƙarfinsa da muryar Yusha'u: "Sun tare mu bayan gada, taya ta hwashe, sun halbi Maccido. Mas'uda, in kina ji, ki ce ma Inna..."

Ƙafa guda ta tsaya, ta juyo. Mas'uda ta danna shi cikin ƙasa, ta ɗauki dutse ta sauke masa a baki, ta sake, ta sake, har robar ta tsage ta yanke mata tafin hannu. Ƙafar ta ɗan saurara, ta wuce. Mata huɗu har da jaririya suka fito da rai. An sami motar asibiti a ƙone washegari, an sami Maccido, abokin aikinsa. Ba a sami Yusha'u ba.

Marigayin ya rasu ya bar caja mai tsirara, da farantin sola, da eriyar da aka tsinta a kunyar dawa, da matashin kan da wata maƙwabciya ta dawo da shi. Ya bar Inna, wadda ba ta fasa ajiye tuwo ba.

Ba za a yi masa wanka ba, ruwa ya riga ya cuce shi. Za a naɗe shi a tsumman da Mas'uda ta ɗaure hannunta, a binne shi gobe da hantsi a gindin zogalen bayan gida, ba taro, don duk wanda aka gani da ɓaraguzansa sai a ce infoma ne. Kada a kawo abinci. Amma in akwai ma'aikaci ko ɗan sintiri, daga Wurno zuwa Goronyo, wanda nasa oba-oban yake kunne a ranar, ya yi wa Allah ya zo ya yi sallama a zaure. Mas'uda ba za ta riƙe shi da magana ba. Ƙarshen saƙon kawai take so ta kai wa Inna.