Ranar da Na Ƙwace wa Malam Nasiru Kukansa

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a ofishina na hedimasta a Kebbe ba. Lokacin dawowata ke nan daga wata bita a Sakkwato, inda wani mai ƙaton gilashi ya wuni yana gaya mana cewa "ayya, sannu" tausayin talakawa ne. Shugaba na ƙwarai, in ji shi, shiga yake cikin halin na ƙasa da shi har ya ji abin da yake ji. Na dawo ina hura hanci, ina neman wanda zan shiga halinsa (ko yana so, ko ba ya so).

Sai ga Malam Nasiru, malamin lissafi, ya yi sallama fuska a yamutse.

"Yallaɓai, tsohona na kwance tun jiya, numfashi na yi mai wuya..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na zaunar da shi, na kama hannunsa biyu, na ce, "Malam Nasiru, na san abin da kaka ji." Daga nan na kwanto labarin jinyar nawa mahaifin, tun daga tarin farko har ranar jana'iza. (Ku duba basira: mutum na fargabar rasa uba, ni kuwa ina zana masa makara.) Ina cikin bayani murya ta karye. Wallahi sai hawaye, har da majina.

Malamai suka cika ƙofa. Malama Hajara ta kawo ruwa, ta rasa wa za ta miƙa wa. Malam Nasiru kuwa, bawan Allah, shi ke bubbuga kafaɗata yana cewa, "Haƙuri, Yallaɓai, Allah shi gahwarta mai."

Da na lafa, na share fuska da hula, na tambaye shi ko ya ji sauƙi a ransa. Ya dubi ƙasa.

"Yallaɓai, izini nika biɗa in kai shi asibiti Tambuwal. Motar da ka jirana ta tahi."

Wani a bakin ƙofa ya yi tari, irin tarin da ake binne dariya a ciki.

Na tada babur ɗina, muka nufi gidansu. Muka sa tsohon a tsakiya, Malam Nasiru na riƙe da shi ta baya, muka bi ramukan hanyar nan har Tambuwal. Allah ya sa aka karɓe shi da wuri, ya kuma tashi. Ni kuwa na yi mako ina sallah a zaune saboda ƙugu.

Yanzu in wani ya shigo mini da damuwa, nakan cije leɓe in ce, "Mi kaka so in yi?" Sannan in yi shiru. Ashe mai kuka ba ya buƙatar hedimastan da zai fi shi iyawa.