Dankali a Gwiwar Hannu

Wani ne a unguwar Dutse Uku, cikin irinmu da muka fito daga jami'a da digiri a hannu da dabaru fal a ka. Fiziks ya karanta, kuma ba ya bari a manta. Ko shayi aka zuba masa sai ya yi bayanin abin da ke sa tururi hawa sama.

Wata rana ya hau going, wato acaɓa, daga kasuwar Terminus. Suna cikin tafiya ya fara koya wa mai mashin tuƙi.

"Oga, in za ka sha kwana, kai ka kwanta hagu, ni in kwanta dama. Nauyi sai ya daidaita."

"Malam, ka zauna kawai yadda ka ga na zauna."

Da aka zo kwanar, mutumin ya gwada iliminsa. Mashin ya wuce da mai shi lafiya lau, shi kuwa ya sauka a kwalta da kafaɗar dama.

A asibiti Dokta Dalyop ya ɗaga hoton ƙashi yana dubawa.

"Ƙashin dantse ne ya karye, nan sama kusa da kafaɗa. Bai goce sosai ba, ba sai an yi aiki ba."

"To a sa filasta."

"Nan wurin ba ya son filasta. Za mu rataye hannun a wuya, gwiwar tana lilo. Nauyin hannun da kansa zai riƙa jan ƙashin ya zauna daidai. Barci a kishingiɗe. Kar ka ɗaga komai. Bayan wata guda da wani abu ka fara motsa shi a hankali."

Nan ya shiga lissafi. Alhaji Sa'adu, mahaifin Suwaiba da yake nema, ya aiko ya zo ƙarshen sati ya gan shi. Ga kuma wani dillalin katako da ke ta zagayen gidan da mota, shi ma ita yake nema. In ya roƙi a ɗaga ranar, mai katako ya shige gabansa. In ya je da hannu a wuya, a ce tun ba a je ko'ina ba ya fara lalacewa.

Washegari amininsa Musaddiq ya zo dubiya, ya tarar da shi zaune, ya ɗaure ɗan buhun dankalin Turawa a gwiwar hannu, yana gumi.

"Kai, mene ne wannan?"

"Lissafi. Likita ya ce nauyi ne maganin. To ka dubi hannuna, wane nauyi gare shi? In na ninka nauyin, dole lokacin ya ragu."

"Ba kai ka ce min ya hana ka ɗaukar komai ba?"

"Shi likitanci ya karanta. Maganar nauyi fannina ne."

"Ba ya ciwo?"

"Kamar ana sara. Alamar yana aiki ke nan. Ƙaro min biyu manya."

Daga tsakar gida mahaifiyarsa ta ɗaga murya: "Wai wa ke kwashe min dankali ne?"

"Inna, bincike ake yi."

"To Allah ya sa binciken ya rage mana na ci."

Ranar zuwa ta zo, kafaɗa ta kumbura kamar kabewa. Ya zura babbar riga ya ɓoye hannun a ciki. Buhun dai ya ƙi ɓoyuwa, yana reto ta gefen riga.

"Don Allah kwance shi ka bar shi a gida," in ji Musaddiq.

"Ba a katse magani a tsakiya."

Suka isa, aka yi musu iso. Suka durƙusa gefe, kai a ƙasa, suka kwashi gaisuwa. Idon Alhaji ya sauka kan buhun, fuskarsa ta washe.

"A'a, har da ɗawainiya? Ai da ba ku wahalar da kanku ba. Allah ya yi albarka."

Ya miƙa hannu ya kama bakin buhun. Buhu ya ƙi zuwa.

Mutumin ya ƙara sunkuyar da kai. Da wane baki zai ce wa suruki ba naka ba ne? Ya saci kallon Musaddiq. Musaddiq ya ƙura wa silin ido kamar yau ya fara ganin fanka.

"Saki mana, yaro, na karɓa," in ji Alhaji, ya ɗan ja.

Mutumin ya biyo buhun da gwiwa, yana cije leɓe.

"Ikon Allah. Kunya ce haka?" Alhaji ya gyara zama, ya sa hannu biyu ya fizga.

Ihun da ya fito, masu yankan itace a kasuwar Katako sai da suka ajiye zarto. Kaji suka watse. Matan gida suka yo ƙofa, Suwaiba na leƙe ta bayansu. Mutumin na kwance a kan darduma, ya rungume buhun da hannun hagu, hawaye shaɓe-shaɓe, yana cewa, "Kar a taɓa, don Allah kar a taɓa."

Alhaji ya janye hannunsa a hankali. Ya dubi buhun, ya dubi mai shi, sannan ya juya wajen Musaddiq.

"Ɗana, in a kan dankali abokinka ke wannan ihun, ranar sadaki ku taho da motar asibiti."