Wasiyyata a Kan Baƙin Dutse

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko na so mantawa matan kasuwar Canaan ba za su bar ni ba.

Shekara shida ina zuwa birnin Guangzhou sarin dogayen riguna, ban san ko'ina ba sai kasuwannin Baima da Canaan, da masaukinmu a unguwar Sanyuanli. A wannan tafiyar kayanmu suka yi jinkiri, sai matar da muke sari a wurinta, wadda muke kira Laoban, ta ce mu raka ta garinsu a gaɓar arewacin tsibirin Hainan. Muka bi ta, ni da Hajiya Rakiya, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da muke ɗaki ɗaya.

Ban taɓa ganin bakin ruwa irin wannan ba. Yashin baƙi wuluk kamar dakakken gawayi, ga duwatsu baƙaƙe masu ramuka da kaifi sun miƙa har cikin teku. Laoban ta ce wani dutse ne ya yi aman wuta tun zamanin da, abin ya gangaro ya daskare. Ta nuna agogonta, ta ce kada mu yi nisa, ruwa yana dawowa da yamma.

"Hajiya, ni fa a Wudil aka haife ni," na ce wa Hajiya Rakiya. "Ruwa ba ya ba ni tsoro." (Gaskiya ne a Wudil aka haife ni. Abin da ban faɗa ba shi ne ina shekara uku muka koma Fagge, kuma ruwan da ya fi zurfi da na taɓa shiga shi ne na baho.)

"To 'yata, ki dai yi a hankali," in ji ta, ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna.

Na tattare lafayata, na bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya har na hau wani babba can ciki. Na yi ta ɗaukar hoto, na juya nan, na juya can. Da na waiwayo, hanyar da na biyo babu ita. Ruwa ya rufe duwatsun duka, sai kumfa ke tafasa a inda na taka ɗazu.

Igiyar ruwa ta farko ta daki dutsen, ta jiƙa ni har gwiwa. Ta biyu ta tafi da takalmina ɗaya ina kallo. Na ƙwala wa Hajiya kira, iska ta mayar min da muryata. Can na hango ta tana ɗaga min hannu, ita a zatonta gaisuwa nake yi. Na durƙusa na riƙe dutsen, ya yanke min tafin hannu, ban ma ji zafi ba. Na yi salati, na yi kalmar shahada, na tuna Ilham ɗina da ko firamare ba ta gama ba. Wallahi na sadakar.

Sai na ce bari in bar wa maigida saƙon murya. Ido cike da hawaye, na danna waya na soma:

"Baban Ilham, teku za ta cinye ni. Ka yafe min. Motarka ni na karce ta a jikin ƙofa, ba mai adaidaita ba ne. Kuma miyar da kake yabo ranar Juma'a, daga gidan Yaya Binta ake kawo min. Ka riƙe min yara."

Na tura, na rufe ido ina jiran ajali.

Aka taɓa min ƙafa. Na buɗe ido, sai ga wata tsohuwa 'yar ƙarama da malafa da bokitin kaguwa, tana tsaye a cikin ruwa ta bayan dutsen. Ruwan ko cinyarta bai kai ba. Ta yi min magana, abin da na tsinta kawai shi ne "mei you", wato babu. Ina jin babu komai take nufi. Ta kama hannuna kamar ta kamo 'yar raino, ta zagaya da ni ta wani tudun yashi da ban lura da shi ba. Taku ashirin, muna gaɓa. Na yi ta jera mata "shiye-shiye", wato na gode, ina kuka, takalmi ɗaya a ƙafa.

Hajiya Rakiya tana zaune da wayarta a kunne, kafaɗunta suna girgiza don dariya. Daga cikin wayar na jiyo muryata tana cewa "ba mai adaidaita ba ne".

Ashe zauren hirar matan Canaan ne a saman jerin saƙonnina, can na tura. Mata sama da ɗari, daga Kano har Yamai, kuma a cikinsu har da ƙanwar maigidana.

Ranar Litinin, bayan mun koma Guangzhou, na shiga kasuwar Canaan kaina a ƙasa. Tun daga ƙofa wata ta ce, "Sannu da arziki Hajiya, ya jikin motar?" Wata ta ce a ba ta lambar Yaya Binta. Maigida kuwa da na kira shi ina ɗar-ɗar, cewa ya yi, "Motar na sani tun ranar. Miyar ce ta yi min ciwo."

Tun daga nan na ɗauki darasi: in mai gari ya ce kada ki yi nisa, ki zauna kusa da ɗankwalin dattijai. In kuma har za ki yi wasiyya, ki goge hawayenki tukuna, ki duba wa kike tura wa.