Ranar Da Na Cinye Tukunyar Maman Lin

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tsabar ladabi ya sa na cinye abincin gida guda a unguwar Handsworth da ke birnin Birmingham.

Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an rage mana awannin aiki a Manchester. Na samu wani aikin a Birmingham, amma babu wurin kwana. Ƙawata Lin, 'yar China da muka yi karatu tare, ta ce mamanta na da ɗaki, sai dai tana so ta ganni tukuna. A bas Lin ta koya mini kalma ɗaya a yarensu, wato keqi. Ashe kara ce irin tamu, wadda baƙo zai ce ya ƙoshi alhali cikinsa na ƙugi. Ta ce, "In Mama ta ce bie keqi, tana nufin kar ki yi kara."

Da muka isa gidan, Mama ta zubo mini 'yan ƙulle-ƙullen fulawa masu kifi a ciki (saboda ni ta haƙura da nama). Ni kuwa rainon Zariya ce, a gidanmu rage abinci a kwano raini ne ga mai girki. Na share tas. Ta ce "Bie keqi," ta ƙaro. Na share, ta sake ƙarowa. Zufa ta karyo mini, na sassauta zani a ɓoye, ina roƙon Allah matar nan ta gaji. Lin sai taka mini ƙafa take yi (na ɗauka kuskure ne, har matsa mata nake).

Sai ga baban Lin ya dawo daga aiki. Ya buɗe tukunya, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali, ya ɗauko burodi.

Lin ta raɗa mini, "A gidanmu sai kin rage kaɗan ake sanin kin ƙoshi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, ɗaki ya tafi. Sai Mama ta fashe da dariya ta yi magana, Lin ta fassara: "Ta ce baƙo ke yin keqi. Mai ci haka 'yar gida ce." Ta miƙo mini makulli.

Matar nan ba ta taɓa barina na fita aiki da yunwa ba, Allah Ya saka mata da alheri. Yanzu duk gidan da na je ina rage loma. Baban Lin dai har yau in ya ji sallamata sai ya jawo kwanonsa kusa.