Yadda Za Ka Raɗa wa Matacciyar Ƙumba Sunan Masoyiyarka

Ɗan'uwa, ajiye turaren nan, ka daina rubuta waƙoƙin da ba a karantawa. Turare gushewa yake yi, fure ya bushe, amma sunan da masana suka liƙa wa halittar da ta ƙare a duniya yana nan har a naɗe ƙasa. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za a haɗu a ƙarshe. Yayana ya bi su a gabana. Mataimakin malami ne a sashen nazarin duwatsu na jami'a, shekara biyu yana mutuwar son mai riƙe da makullan ɗakin ajiya, bai taɓa ce mata komai ba sai, “Don Allah a buɗe mini durowa ta tara.”

1. Samo gawar

Ƙumbar teku za ka nema, mai faɗi kamar mafici, wadda ta kwanta a laka shekaru miliyoyi har ta zama dutse. Ɓawo biyu gare ta, na dama da na hagu, masu rufe juna. Tsinto ɗaya ka tsaya. Yawan nema yana jawo samu, samu kuwa ɓata bincike yake yi.

2. Ƙirga haƙarƙarinta

Wato layukan da suka taso daga gindinta suka bazu zuwa baki. Littafi ya ce irin da aka sani ba ta wuce ashirin. Yayana ya ƙirga ya sami sha tara, ya ji kamar ya yi kuka. Ya goge tabarau ya sake, ya haɗa da tsagewar da guduma ta yi, sai ga ashirin da biyu. Ka gani? Lissafi ma yana tausayin masoya.

3. Duba kunnuwa

A gindinta akwai kunnuwa biyu. Hoton da ke littafi yana da ɗan gibi a ƙarƙashin kunne ɗaya, ta yayana kuwa sumul. Sabon nau'i ke nan! Akwai wani siririn rubutu a ƙasan hoton da ke faɗin ko ɓawon wane ɓangare aka ɗauka. Kada ka karanta shi. Don marasa zuciya aka yi shi.

4. Raɗa suna

Ɗauko sunan sahibarka ka ɗaura masa jelar Latin, ka buga a mujallar da ko mai ita ba ya karantawa. Kada ka tambaye ta. Wace mace ce ba ta mafarkin zama takwarar dutse?

5. Tara jama'a

Yayana ya sa rigarsa mai guga, ya tsaya a ɗakin taro. Farfesa na gaba yana gyangyaɗi, ita tana baya da makullanta a cinya. Da ya furta sunan, ni kaina sai da na share ido.

Sai ta miƙe. “Malam, ara mini ƙumbar minti ɗaya.”

Ta fita, ta dawo da wani ɓawo mai tsohuwar takarda a jiki, da gibinsa a ƙarƙashin kunne. Ta kifa shi a kan nasa. Ƙas! Haƙarƙari ya shiga haƙarƙari.

“Daga ina?” in ji yayana.

“Durowa ta tara.”

Wadda aka buɗe masa sau ɗari, idonsa na kan mai buɗewa.

Farfesa ya ɗaga ido ɗaya. “Ɗana, ɓawon hagu ne a hannunka, shi ba ya da gibi. An raɗa wa ƙumbar nan suna tun kakana bai yi kaciya ba. A aji ɗaya ake koyar da wannan.” Ya yi hamma. “Af, ashe kai ke koyar da shi.”

6. Haɗiye

Dokar masana ita ce sunan farko ke zama, na baya kuma a jera shi ƙarƙashinsa cikin sunayen da suka yi rara. Can sunanta zai zauna har abada, kamar yadda na alkawarta.

A bakin ɗakin ajiya ta tsaya tana kallonsa.

“Wato duk duniya, Malam, ba ka ga abin da ya yi kama da ni ba sai rabin gawa?”

Ya buɗe baki. Ta jira, wallahi ta jira, har makullan suka daina kaɗawa a hannunta. Me ya fito?

“A zahiri, idan aka sake ƙirga haƙarƙarin…”

Ta juya makulli sau biyu, ta tafi.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da hannu a zubewar mutunci, tsayawar ƙarin girma, ko durowar da yanzu sai an cike takarda kafin a buɗe ta. Na ce za a haɗu, an kuma haɗu: suna can a durowa ta tara, na dama da na hagu, rungume da juna a kan auduga. Ai ban ce kai ba.